A Zana Ƙasa Kafin a Zana Gida: Karatun Fili a Tudun Jos

Takarda ɗaya ce yawancin masu fili a Jos suke kai wa mai zanen gini, wato fulan ɗin safiyo. Layuka huɗu, lambar bikon, wato turken iyaka, a kowace kusurwa, tsawon kowane gefe, kibiyar arewa, girman fili, hatimi da sa hannu. Takarda ce mai daraja, da ita ake neman shaidar mallaka, da ita ake kashe gardamar iyaka. Amma iyakar aikinta ke nan. Ba za ta gaya maka kusurwar gabas ta ɗara ta yamma tudu da mita biyu ba, ba za ta nuna dutsen da ya kwanta a ƙarƙashin ciyawa ba, kuma babu ruwanta da inda ruwan maƙwabci yake bi idan an yi sama. A kanta, fili a Rayfield da fili a kafaɗar dutse a Tudun Wada duk ɗaya ne, fari fat, a shimfiɗe kamar faifai.

Mai zane kuwa abin da ya gani yake zana wa gida. Idan farar takarda aka ba shi, gidan farar takarda zai fitar, sai an zo haƙan fandishan ƙasa ta fara faɗin nata. A garin da ke kan tudu mai kimanin mita 1,200, ga duwatsu ko'ina, ga ruwan sama da yakan haura milimita 1,300 tsakanin Afrilu da Oktoba, ga ramukan kuza na shekaru aru-aru, wannan kuskure yana da tsada. Shi ya sa nake ganin zanen farko da ya kamata a biya kuɗinsa ba na ɗakuna ba ne, na ƙasar ne. Kuma ba guda ɗaya ba, domin kowane irin zane yana buɗe abu ɗaya ya rufe wani.

A fara daga nesa. Tsohuwar taswirar gwamnatin tarayya mai sikeli 1:50,000 tana nuna koguna, duwatsu da filayen haƙar ma'adinai, amma fili mai ƙafa 50 da 100 bai kai milimita ɗaya ba a kanta. Amfaninta shi ne ta gaya maka ko unguwar gaba ɗaya a kwari take ko a tudu, da rafin da ruwanta yake faɗawa. Hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth ya fi ta kusantowa, kuma abin da ya fi daraja a cikinsa shi ne maɓallin da ke komar da kai hotunan shekarun baya. A yankunan Bukuru, Rayfield, Sabon Gidan Kanar har zuwa Barikin Ladi, inda kamfanonin kuza irin su ATMN suka kwashe shekaru suna haƙa kafin kasuwar kuza ta faɗi a 1985, wurin da yau yake shimfiɗaɗɗe mai yiwuwa kududdufi ne da aka cike, ko tsibin ƙasar haƙa da aka baje. A tsohon hoto za ka ga ruwan, ko farar tabon yashi da ciyawa ta ƙi rufewa. Itatuwan turare da aka dasa a jere su ma abin lura ne, don da su aka riƙa rufe filayen da aka gama haƙa. Sai kuma ƙananan ramukan loto, na masu haƙar kuza da hannu, masu kama da bakin rijiya, waɗanda daga sama suke fitowa kamar ɗige-ɗige baƙaƙe.

Abu biyu ne hoton sama yake yaudarar mutane da su. Na farko tsayi. Lambar tsayin da ke fitowa a ƙasan allo ba awon filinka ba ce. Bayanan tsayi na kyauta, irin na SRTM da aka tattara a shekarar 2000, ɗigo ɗaya nasu yana wakiltar ƙasa mai kimanin mita 30 da 30, wato fuloti biyu sun shige cikin ɗigo guda. Ba a yanke tsayin daɓen gida da irin wannan. Na biyu lambobin bikon. Yawancin fulan ɗin safiyo a Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, Google kuwa da WGS84 yake aiki. Wanda ya kwafi lambobin ya zuba kai tsaye ba tare da juyawa ba, filin zai iya gocewa da kusan mita ɗari, ya zauna yana nazarin fulotin wani. A tambayi safiyo ma'aunin da ya yi aiki da shi, ya juya lambobin da kansa.

Zuciyar aikin ita ce taswirar tudu da gangare, mai layukan kwantuwa, wato layukan da kowannensu yake haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Ga fulotin gida, a nemi sikeli 1:200 da tazarar rabin mita tsakanin layi da layi. Inda ƙasa ta kusa kwanciya, a sauko zuwa santimita 25. Safiyo mai rajista da na'urarsa zai gama wannan a wuni ɗaya, kuma shi ya fi. Amma ko babu shi, ana iya samun awo mai amfani da farin tiyo, irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi. Ana bukatar tiyon mita 15, sanduna biyu da aka yi wa alamar santimita, tef, igiya da turaku. A kafa turaku a kowace mita 5 tsaye da kwance, ana daidaita kusurwa da awon 3, 4, 5. Fili mai mita 15 da 30 zai ci turaku 28. A zaɓi abu ɗaya da ba ya motsi, kamar kan bikon ko leɓen kwalbati, a ba shi lamba 100.00, wato a ɗauka tsayinsa mita 100 ne, daga shi za a auna komai. Mutum ɗaya ya tsaya a kan wannan alama, ɗayan ya bi turaku, kowa ya karanta inda ruwa ya tsaya a jikin sandarsa; inda tiyon bai kai ba, na kan alamar ya matsa zuwa turken da aka riga aka auna. Bambancin karatun biyu shi ne bambancin tsayin ƙasa, kuma inda karatu ya fi yawa nan ne ya fi kwari. Wannan wurin ne sababbin hannu suke juyawa, su mai da tudu kwari.

Kumfa ɗaya a cikin tiyo ta isa ta ɓata aikin wuni. Kafin a fara, a haɗa bakunan biyu gefe da gefe a ɗaga su sama: idan ruwan bai tsaya daidai da juna ba, akwai iska a ciki, a bi tiyon da ɗan yatsa ana ƙwanƙwasawa har ta fito. Ɗan shuɗi a cikin ruwan yana sauƙaƙa karatu. In an gama zagaye, a koma alamar farko a sake aunawa, idan kuskuren ya wuce santimita 2 a maimaita. Daga nan sai zane: tsakanin turke mai 99.20 da mai 99.80, layin 99.50 zai ratsa ta tsakiya daidai. Haka za a bi har layukan su fito.

Karatunsu ba wuya. Inda suka matsu, gangare ya yi tsanani. Inda suka buɗe, ƙasa ta kwanta. Ruwa kullum yana ratsa su a miƙe, ba ya bin tsawonsu. Inda kuma suka lanƙwashe suka yi tsini mai kallon tudu, layi bayan layi, to hanyar ruwa ce, ko da ranar da aka je wurin ƙura ke tashi. Irin wannan tsini ba a ɗora masa ɗaki.

Ga yadda layukan ke zama kuɗi. A ɗauki fili mai ƙafa 100 da 100, kimanin mita 30 kowane gefe, wanda ya gangara da mita 2.4 daga baya zuwa gaba. Kashi 8 cikin ɗari ke nan. A ido ba wani abu ba ne, irin filin da mai shi zai ce, "Injiniya, ai wurin a kwance yake." Gida mai mita 18 da 10, idan aka miƙar da tsawonsa yana bin gangaren, ƙarshensa zai tashi mita 1.44 daga ƙasa, kusan sahu shida na bulo kafin a kai daɓe, kuma cikon zai kai kubik mita 130, ban da abin da zai ƙaru idan an daddaɓe. A juya gidan nan ya kwanta tare da layukan, tashin ya koma santimita 80, ciko ya sauko 72. Idan faɗin fili bai bari a juya ba, kamar a ƙafa 50 da 100, a raba daɓen hawa biyu da matakala biyar masu santimita 15 a tsakani, ciko ya dawo wajen 65. Akwai kuma hanyar yanke tudu a cike kwari da ƙasar da aka yanko, kusan kubik 32 kowane ɓangare, sai dai ita tana jawo katangar tokare ƙasa a baya. Katangar nan dole a bar mata hudoji a gindi, a zuba tsakuwa a bayanta, in ba haka ba ruwan Agusta zai taru ya tura ta. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka a kan takarda ake yinsu da fensir, kafin tifa ɗaya ta shigo.

Fulan daga sama yake kallo, don haka ba ya nuna yadda mutum zai ji idan ya tsaya a tsakar gida. Wannan aikin sekshan ne, zanen da ake yi kamar an sa wuƙa an yanka ƙasa da gidan an kalli gefen yankan. A ja aƙalla biyu, ɗaya yana bin gangare ɗaya yana ratsa shi, kuma kada su tsaya a katanga. Su fara daga tsakiyar titi, su ratsa kwata, ƙofa, gida, katangar baya, su shiga filin maƙwabci da mita goma ko fiye. A nan ake gane cewa tagar maƙwabcin da ke tudu tana leƙa tsakar gidan da mata za su riƙa zama, katangar mita biyu da rabi kuma ba ta hana komai ba saboda shi ya riga ya fi ka tsayi da mita biyu. A nan ake gane mota ba za ta hau daga titi zuwa gareji ba sai ta goga ciki. Wasu sukan ninka sikelin tsaye don gangare ya fito fili. Ba laifi wajen nazarin ruwa, amma a rubuta a jiki, domin an sha yanke shawarar gina katanga mai tsada a kan gangaren da zane ne kawai ya kumbura shi.

Batun ƙetare iyaka a zane ya fi ƙarfi a sha'anin ruwa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 200, a ruwan dare ɗaya mai milimita 50, zai zubo da lita 10,000. In gidaje biyar ne a samanka, kowa ya daɓe tsakar gidansa da siminti ya huda katanga, lissafa abin da zai iso gindin taka. Ƙasar kan dutse kuma ba ta da zurfin da za ta shanye. Mutanen Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya cika kogin Dilimi ya shiga gidaje aka yi asarar rayuka. Duk filin da ke kusa da rafi, sai an zana iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ba inda yake gudu a watan Fabrairu ba.

Wannan iyaka ƙasa da kanta take nunawa, ga wanda ya sunkuya. Washegarin ruwa mai ƙarfi, a duba gindin katangar maƙwabta: akwai layin da laka ta bari a jikin bulo, sama da shi bulo fari, ƙasa da shi ja-ja, wani wuri da gansakuka kore. A duba ledoji da karare da suka maƙale a jikin shingen ƙerana, duk sun karkata gefe ɗaya, suna nuna inda ruwa ya nufa da tsayin da ya kai. Lallausan yashi da ya baje kamar mafici yana nuna inda gudun ruwa ya mutu. Ciyawar da ta ci gaba da zama kore har cikin Disamba tana nuna ruwa a kusa ƙarƙashinta. Duk wannan a sa shi a taswira da kibiyoyi da ranar da aka gani. Tsofaffin unguwa ma a tambaye su, da ladabi: Baba, ina ruwa yake tsayawa a nan idan damina ta yi nisa? Amsarsu ita ma a zana ta, kada a bar ta a ka.

A kan wannan taswira ce za a sa rijiyoyi da sokawe na maƙwabta duka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tazarar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, sokawe kuma ya kasance ta gangare. Fulotin da tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne ba zai cika wannan shi kaɗai ba, sai an san abin da ke bayan katanga ta kowane gefe. Bututun bahaya mai inci huɗu yana son gangaren 1 cikin 40, don haka wurin sokawe tun a kan layukan kwantuwa ake zaɓensa, ba bayan an gama rufi ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa babu hoton da zai nuna shi, sai an tona. A haƙa ramukan gwaji aƙalla uku, zurfin mita ɗaya da rabi, a wajen inda fandishan zai bi, a zana bangon kowane rami da awo: baƙar ƙasa santimita kaza, jar ƙasa kaza, marmara, dutse ko ruwa. Tsakanin ramuka a bi da rodi ana kafawa ana rubuta inda ya ƙi shiga. Ƙasar da Allah ya shimfiɗa hawa-hawa take fitowa, kowane launi da layinsa. Ƙasar ciko kuwa a cakuɗe take, ja da fari da yashi ba tsari. Wanda ya ga haka, ko zai yi bene, ya kira injiniyan gwajin ƙasa, kada ya yi ƙoƙarin ragin kuɗi a nan. Dutsen da ya leƙo ma sai an bambance ko uwar dutse ce ko ƙaton curi ne da ke zaune a kan ƙasa, wanda zai iya motsawa idan an yashe gindinsa. Tsagewar bango da aka fi gani a gidajen kan gangare daga nan take: rabin fandishan a kan dutse, rabi a kan cikon da aka juye tifa-tifa ba a daddaɓe shi santimita 15-15 ba. Dutse ya tsaya, ciko ya zauna, bango ya tsage daidai kan iyakarsu. Da an zana wannan iyaka tun farko, da injiniya ya sauke fandishan zuwa ƙasa mai ƙarfi ko ya raba ginin a wurin. Wani abu kuma da bai kamata a yi shiru a kansa ba: dusar da ake bari bayan wanke kuza tana ɗauke da ma'adinai irin su monazait masu fitar da tururin radiyeshan, saboda haka tsibinta a cikin fili abin sa wa alama ne a taswira, ba yashin filasta na kyauta ba.

Rana da iska ba sa cin lokaci, zane ɗaya ya ishe su. Jos tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsaka, sauran watanni ta kudu. A Disamba da tsakar rana tana tsayawa wajen digiri 57 sama da ƙasa, katangar mita 3 ta jefa inuwar kusan mita 2 zuwa arewa. A Yuni inuwar ba ta kai mita ɗaya ba, kuma kudu take faɗawa. Tagogin kudu da arewa ɗan tsawon baki na rufi ya ishe su, na yamma ne masu wahala. Amma Jos ba Sakkwato ba ce: da hunturu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10, hantsi a ɗakin kwana alheri ne, dutsen da ya tare gabas kuma zai hana shi. A sa kibiyar hunturu daga arewa maso gabas, da ta hadari daga gabas, don bangon da ruwa zai fi duka ke nan. Ga gidan musulmi a ƙara kibiyar alƙibla, kimanin digiri 65 daga arewa zuwa gabas, a auna ta daga kibiyar safiyo, don kamfas ɗin waya yana ruɗewa kusa da rodi da mota. Da ita za a daidaita wurin salla da zaman bahaya.

Hoton waya yana da amfani idan an ɗauke shi da tsari. Kyamarar waya tana kwantar da gangare, shi ya sa fili yake fitowa lumui a hoto. A tsaya a kowace kusurwa, waya a daidai ido, wani ya riƙe sanda mai alama a cikin hoton, a ba kowane hoto lamba, a sa lambar da kibiya a kan taswira. A ɗauka da rani, a sake da damina daga wuri ɗaya. Hoton jirgi maras matuƙi yana da kyau wajen nuna maƙwabtaka, amma tsayin da yake bayarwa kan ciyawa da bishiya ne, sai an ɗaure shi da alamomin da aka auna a ƙasa.

Idan zanukan sun taru, a kwafe kowanne a takarda mai shara-shara, gangare daban, ruwa daban, dutse da ciko daban, rana daban, a duhunta wuraren da ba su dace da gini ba, a ɗora su kan juna a ɗaga wa haske. Wannan dabara wani masanin tsara filaye mai suna Ian McHarg ne ya yaɗa ta a 1969, kuma har yau ita ce kwamfuta take yi a manhajojin taswira. Inda haske ya fi ratsowa nan gida zai zauna. Ga mai gida da bai saba karatun layuka ba, a yanka kwali a jera, kowane falle layi ɗaya. A sikeli 1:100, kwali mai kaurin milimita 5 daidai yake da rabin mita. A haska masa tocilan daga gabas a kai yamma, ya ga inuwa da idonsa. Wannan ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan hoton kwamfuta mai sheƙi, wanda ake ɗora gida a kan koriyar ciyawa shimfiɗaɗɗiya da babu irinta a filin. In za a yi irin wannan hoto, a ɗora ginin a kan hoton ainihin wurin, da dutsensa da katangar maƙwabcinsa.

Lamba ɗaya ce daga duk wannan aiki take isa hannun birkila: tsayin daɓe. A rubuta ta a fulan ɗin da za a kai wa JMDB, hukumar raya birnin Jos, da wanda za a bai wa magini, a danganta ta da alamar 100.00, alamar kuma a kare ta da kankare don kada lebura ya tumɓuke ta ranar share fili. Daɓe ya ɗara ƙasar da ke kewaye da aƙalla santimita 15, ƙasar kuma ta gangara daga jikin bango. A unguwar da ba a yi wa titi kwalta ba tukuna, kada a ɗauki tsayi daga turɓayar yau. Ranar da aka zo aikin titi za a zuba jar ƙasa da tsakuwa a gina kwata, titin ya tashi, gidan da aka daidaita da tsohuwar hanya ya koma rami, ruwan kwata ya riƙa shigowa ta ƙofa. A nemi tsayin kwalbati ko kwalta mafi kusa, a jawo shi da tiyo ko na'ura har bakin filin, a sa shi a sekshan, sannan a yanke tsayin daɓen ƙofa sama da shi.